Yoyon da Ke Bin Lokacin Salla

Samarin da ke zama a ƙofar shagona a Hindawiyya suna da wata dariya da ba ta tsufa. Duk baƙon da ya tambayi sana'ata, kafin in buɗe baki ɗayansu ya riga ni: "Baba Habu ai ɗumama ɗaki yake yi." Sai su bar baƙon ya dubi rana, ya dubi kwalta tana tiriri, ya dawo ya dube ni, sannan su kwashe da dariya. Mai ɗumama ɗaki a Makka, in ji su, ƙanin mai tallan garwashi ne a bakin maƙera.

Masu gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, yawancinsu haifaffun nan, Larabcinsu ya fi Hausarsu gudu. Ni ma da mukayyif da aikin famfo nake ci yau shekaru masu yawa. Amma aikin da na fara koya, wanda hannuna ya fi sani, shi ne tukunyar dizal mai ɗumama gida. Su a ganinsu ba aiki ba ne. "Wuta ce da ruwa, ya ammi," in ji su, wato baffa da Larabcinsu. "Ko mai shayi ya iya." To, ku gyara zama.

Abin haka yake. Tukunya ce ta ƙarfe a wani ɗan ɗaki a ƙasa, injin fesa dizal yana hura wuta a cikinta. Ruwa ya yi zafi, turumba, wato injin tura ruwa, ta tura shi cikin bututu ya zaga gida, ya ratsa wasu ƙarafa masu haƙarƙari da ake kafewa a bango, ya komo tukunya. Ruwan nan ɗaya ke ta zagayawa shekara da shekaru, ba a sha, ba a zubarwa. A kan rufi akwai ɗan tanki da bai wuce cin bokiti biyu ba, shi ke cike gurbin ɗan abin da ya ragu. A Amman tadfi'a suke ce wa tsarin, a Sham shufaj, Turkawa kuwa kalorifer. Ƙarafan bangon nan ban taɓa jin sunansu da Hausa ba, don Bahaushe bai taɓa buƙatarsu ba. Na mota muka sani, lagireto. Ni ma haka nake kiransu, kuma har yau ba wanda ya kai ƙarata.

A Amman na koya, wurin wani dattijo da ake kira Abu Sami. Kafin in kai can na yi yaron mota tsakanin Katsina da Agadas, na yi leburanci a Sabha ta Libiya, ƙafa dai ba ta zama. Shekara guda cur mutumin nan bai bar ni na taɓa injin wuta ba. Abu biyu ya danƙa mini: ɗan makulli ƙarami na buɗe hancin lagireto a fitar da iska, da farin farantin kofin shayi. In na buɗe hancin, iska ta gama huci, ruwa ya biyo, sai in tara farantin in kai masa. Ya duba, ya sansana, wani lokaci ya murza da yatsa. "Tsohon ruwa baƙi ne, ya Habu, kamar tawada," haka yake cewa. "Ya daɗe yana kwana da ƙarfe." Ni a lokacin gani nake wahalar da ni kawai yake yi, ƙato da ni ina hawa bene ina sauka da farantin shayi kamar sabuwar mai aiki.

Shi ya koya mini cewa gidan da ya ƙi ɗumi tambaya huɗu ake yi masa, kuma a jere. Mai yana isowa? Wuta tana kamawa? Ruwa yana tafiya? Iska ta shiga? Wanda ya tsallake ta fari ya faɗa ta uku, sai ya wuni yana kwance turumba lafiyayya alhali tanki ne ya ƙare. Na sha gani. Na ga gidan da laka daga gindin tanki ta toshe matatar mai. Na ga wanda ɗan idon da ke gadin wuta ya yi baƙi da hayaƙi, yana ganin duhu, sai ya riƙa kashe injin, maganinsa kuwa gogewa da bakin riga. Masu gida ma iri-iri ne. Mutumin Amman zai rantse maka jiya-jiyan nan lafiya lau abin yake. Baturke kafin ka iso ya kwance rabin injin ya jera a kan jarida, ya kuma dafa maka shayi. A Arzurum ta Turkiyya, inda na yi hunturu biyu na ƙanƙara, wani malamin makaranta ya kashe tukunyarsa ya yi tafiya don ya rage cin mai, ya dawo ya tarar ruwa ya daskare ya tsage ƙarfe kamar rana ta tsage tabkin da ya ƙafe. Ran nan na san sanyi ma yana da ƙarfin guduma.

Mummunar shekarata ita ce wadda dizal ya yi tsada a Amman. Mutane suka rufe tukwanensu, kowa ya sayi ɗan murhun kananzir ya ajiye a tsakar falo, iyali su kewaye shi kamar kaji. Sanyi ya zo ya wuce, wayata ba ta yi ƙara ba sai ta masu neman a cire musu lagireto su sayar wa 'yan gwangwan. Na sayar da injina na yanka bututu, na zo Umra, na samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini, na koma mai famfo a garin da ruwan sanyi ma da zafinsa yake fitowa. Amma makullin da farantin ban rabu da su ba.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa a Hada aka yi shi, can kan dutse a hanyar Ɗa'if. Ku da kuke zuwa da rani shan iska da kallon birai ba ku san Hada ba. Ku je da tsakiyar hunturu, lokacin da gajimare ke saukowa ya kwanta a kan titi, ku ji yadda haƙori ke kaɗa wa ɗan'uwansa ganga.

Wani ɗan kasuwa ne daga unguwar Shisha, Abdurrahman, haifaffen Makka, jikan mahajjatan Kano. Ya sayi tsohon gida mai bene a can, wanda wani likita mutumin Sham ya gina ya sa masa shufaj irin na garinsu. Ana gyaran gidansu na Makka, sai ya kwashi iyali duka suka hau dutse na wata uku: shi da matarsa da 'ya'ya a sama, mahaifiyarsa Hajiya Dije a ƙasa saboda gwiwa. Maigadin gidan wani mutumin Tawa ta Nijar ne, Ilu, shi ke kunna tukunya, shi ke karɓar dizal in mota ta kawo.

"Ya ammi Habu, an ce kai kaɗai ka san wannan bala'in," in ji Abdurrahman a waya. "Sama kamar firji. Yara da jaket suke kwana. Ƙasa kuwa tamam."

Na hau, na yi tambayoyina huɗu. Mai yana isowa. Wuta tana kamawa, shuɗiya-shuɗiya da ɗan rawaya, ba hayaƙi. Turumba tana juyawa, na kara sukurdireba a jikinta na sa kunne, ba ƙara. Na hau sama na taɓa lagireto: gindi ɗumi-ɗumi, kai sanyi ƙalau. Iska ce. Na hau rufi na tarar ɗan tankin ya kusa bushewa, gishirin ruwa ya kama bakin da ke cika shi, sai ɗigo yake yi. Na kankare, na cika, na bi ɗakunan sama ɗaya bayan ɗaya da makullina, kowane hanci ya yi hucinsa ya kawo ruwa. Kafin la'asar yara sun tuɓe jaket. Na tambayi ɗakunan ƙasa, aka ce majalisa, wato falon baƙi, ga ta nan, ɗakin Hajiya kuwa ba sai an shiga ba, ya fi ko'ina ɗumi. Na ce madalla. Na sauko dutse ina jin kaina kamar likitan da ya warkar da sarki.

Kwana biyu waya ta sake ƙara. Sanyi ya dawo.

Na koma, na sake tarar da iska a sama. To, ruwa ba ya ɓacewa haka nan, dole akwai inda yake bi. Na wuni ina neman yoyo. Na bi bango da tafin hannu ina neman danshi, na shimfiɗa jarida a ƙarƙashin kowace mahaɗa, na ɗaga kafet, na leƙa bayan gida ko ciyawa ta fi kore a wani wuri. Ko ɗigo. Na sake fitar da iska, na ce wa Ilu ya riƙa duba allurar agogon da ke jikin tukunya, mai nuna cikar ruwa. Na tafi, amma wannan karon ba sarki ba likita.

Zuwa na uku ranar Alhamis ne, na tarar fuskar Abdurrahman a murtuke. Ya ja ni gefe, amma da muryar da har bakin ƙofa ana ji.

"Halas, ammi, na gane. Ba injin ba ne. Dizal yana ƙarewa kamar ana sha, ɗaki kuma ba ɗumi. Ina man yake zuwa? Wannan mutumin ne. Yana kashe tukunya in mun kwanta, yana ɗiba yana sayarwa. Ranar Lahadi zan yi masa fita ta ƙarshe, ya koma ƙasarsu."

Kun san abin da wannan ke nufi. A soke iƙama, wato takardar izinin zama, a buga hatimi, mutum ya koma gida da sunan ɓarawo. Ilu yana tsaye a ƙofar ɗakin tukunya, ya naɗe kai da rawani har hanci, hannu a hammata.

"Malam Habu," ya ce da ni da muka keɓe, "mi za ni yi da dizal? Ko keke ba ni da shi. Shekara tara ina gidanga tun zamanin likita, ko ƙusa ban ɗauka ba. Ɗiyana huɗu na makaranta da aikin ga."

Na ce da Abdurrahman ya ba ni yau ɗin nan kaɗai. Ya ce, "Ɗayyib. Don girmanka."

Na hau sama na buɗe hancin lagireton farko, kuma don ba ni da wata dabara da ta rage, sai na zaro farantin Abu Sami daga gindin jaka na tara. Ruwa ya zubo fari tas, kamar na sha. Na tsaya ina kallonsa. Gidan da ya haura shekara ashirin, ƙarfe tsoho, ruwansa ya kamata ya ɓata mini faranti. Sau biyu ruwan nan yana zuba a kan tsummana ina gani, ban tambaye shi komai ba, don na ɗauka na wuce aikin faranti. Farin ruwa sabon ruwa ne. Ke nan ba ɗigo ke fita ba, bokiti-bokiti ne, kuma kullum. Shi ya sa dizal ke gudu, tukunya tana ta dafa baƙon ruwa mai sanyin dutse.

Na cika komai, na fitar da iska, na jawo bulo na zauna a gaban agogon ruwa. Ilu ya kawo shayi ya tsuguna kusa da ni. Yoyo na gaskiya ba ya hutawa, a hankali yake jan allura ƙasa, dare da rana. Wannan kuwa awa biyu muna zaune allura ko motsi. Har Ilu ya fara gyangyaɗi.

Sai ladan ya ɗaga murya a masallacin ƙasan kwari, kiran azahar. Bai kai ƙarshe ba na ga allura ta girgiza, ta fara sauka, sauka, ta yi kamar minti uku tana tafiya, sannan ta tsaya cak.

"Ilu, ka ga abin da na gani?"

"Na gani. Ko aljanu na?"

"In aljanu ne, to Musulmi ne."

Muka yi salla, na sake cikawa, na koma kan bulo. Shiru har la'asar. Ana kiran salla, allura ta sake kama hanyarta. Na miƙe na karkaɗe riga, na ce a yi mini iso wurin Hajiya, ina so in gaishe ta.

Tsohuwa ce da ta haura tamanin, 'yar ƙarama, idonta tar. Tana yarinya aka taho da ita ta Sudan, Hausarta irin ta Kanon da ce, wadda ko a Kano yanzu sai an tona. Na same ta a kan 'yar kujera ta tsuguno, ɗakin ɗumi kamar cikin bargo. Lagiretonta shi ne na farko daga tukunya, shi ne kuma mafi ƙasa a gidan, don haka a gindinsa likita ya sa ɗan famfon da ake zuƙe ruwan gida duka in za a yi gyara. A ƙarƙashin famfon nan ga buta, ga daro, ga bokiti biyu cike suna tururi, an ɗaura wa bakinsa ɗan guntun tiyo da kyau.

"Barka da yamma, Hajiya. Ya sanyi?"

"Wane sanyi, ɗan nan? Su dai na sama ke kuka, ragwaye. Kai ne mai gyaran? Allah ya yi maka albarka. Wanda ya gina gidan nan ya san darajar tsofaffi. Dubi, ruwan zafi har gefen gado, ba sai na ja ƙafa zuwa banɗaki tayil yana cizona ba."

"Hajiya, tun yaushe kike ɗiba a nan?"

"Tun ranar da muka tare. Da fari baƙi ya riƙa zuwa, mai wari. Na ce ai sabuwar rijiya ma sai an yashe ta. Na sa yarinyar da ke yi mini hidima ta yi ta kwasa tana zubarwa, kwana uku, har ya washe. Yanzu da shi nake alwala, da shi nake gasa gwiwa, har 'yan kayana a nan ake wanke mini."

Na zauna a bakin ƙofa na yi mata bayani a hankali, yadda na yi muku. Cewa ruwan nan ɗaya ne, shi ke hawa sama ya ɗumama jikokinta, duk bokitin da ya fita a nan daga ɗakinsu ya sauko, iska ta maye gurbinsa. Ta saurara, ta kama haɓa.

"Wato ni ce ke kwashe wa yaran nan ɗumi?"

"Ba ki sani ba, Hajiya. Ko ni da na yi shekara arba'in a kai sai yau na gane."

"To alwalata fa? Sallolin wata guda?"

"Nan kam ni mai famfo ne. Abin da zan iya shaida, ba a zuba wa ruwan nan magani ba, kuma kin yashe shi da kyau. Sauran sai malamai."

Ta yi dariya har da tari. Sai na ga gara in faɗi sauran tun tana cikin fara'a. Na ce akwai wata magana: saboda man da ke ƙarewa, ana zargin Ilu da sata, ranar Lahadi za a mai da shi gida.

Dariyar ta ɗauke. "Wane Ilu? Ilun da ke kawo mini rumman daga kasuwa? Kira mini Abdu."

Da ma ina ta tunanin yadda zan gaya wa mutum cewa ɓarawon da yake nema uwarsa ce. Ashe an hutar da ni. Abdurrahman ya shigo, mutum mai shaguna da ma'aikata, ya durƙusa a gaban 'yar kujerar nan.

"Na'am, ya ummi."

"An ce ka kama ɓarawon mai."

"Ummi, wannan maganar maza ce, ki bar..."

"Ga ɓarawon nan zaune a gabanka. Ga kayan satar a bokiti, ko hucewa bai yi ba. Sai ka je ka sa a buga mini fita ta ƙarshen. Amma ka gaya musu da ƙafa na zo, da ƙafa zan koma, kuma kai za ka riƙe mini buta."

Ya dubi bokiti, ya dubi tiyo, ya dube ni. Na ɗaga masa kai. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kunya, ina jin duka biyun ne.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba," in ji ta. "Yana waje cikin sanyi."

Ya fita, ni ma na bi shi. A gaban ɗakin tukunya ya kama kan Ilu ya sumbata, irin yadda ake yi a nan, ya ce, "Samihni, ya Ilu. Ka yafe mini, na zalunce ka." Ilu ya ce ba komai, Allah ya yafe mu duka, sannan ya juya ya shiga ɗakin tukunya ya daɗe yana goge agogon da ba shi da datti.

Washegari bayan Juma'a na hau da ƙaramin sahhan, wato tankin dafa ruwa na lantarki, na kafa shi a ɗakin Hajiya, na jawo masa ruwa daga bututun sha, na sa famfo daidai tsayin kujerarta. Na cire tiyo, na ɗaure bakin wancan famfon da murfin ƙarfe, na fitar da iska a karo na ƙarshe. Sama ta yi ɗumi har suka sauko Makka. Ilu yana gidan har yanzu, duk shekara in rumman ya nuna sai ya aiko mini da kwali.

Kafin in tafi ran nan na leƙa in yi sallama. Hajiya ta tara hannu a sabon famfo, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ya yi, Hajiya?"

"Ya yi, ɗan nan, Allah ya saka. Amma gaskiya wancan ya fi shi laushi."

Farantin yana nan a aljihun jakata. Wanda ya ce ko mai shayi ya iya, ya zo ya ɗauka, akwai bene a bayan shago, ya yi ta hawa yana sauka da shi.